Kayan Matattu a Ras Al Khor

Makarantar da aka ce zan koyar da Turanci a cikinta, ko allon sunanta ban taɓa gani ba. Na sauka Dubai a watan Oktoba na 2018. Mutumin da ya yi mini hanya ya tarye ni da fara'a, ya ɗauki jakata da kansa, ya kai ni wani ƙaramin otal a Deira, ya ce in huta, jibi zai zo mu je in gaisa da shugabar makaranta. Jibin nan har yau bai zo ba. Kwana biyu wayarsa tana ƙara ba a ɗauka, a na uku wata murya ta soma gaya mini a kashe take. Sai da na nuna wa mai otal takardar da ke hannuna sannan na san bizar yawon buɗe ido ce ta wata uku, ba ta aiki ba.

Shekarata talatin da bakwai a lokacin. Na yi shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a sakandaren 'yan mata a Funtuwa, mijina ya rasu, na bar 'ya'yana biyu wajen mahaifiyata. Duk unguwarmu an san Malama Saudatu ta sami aiki a ƙasar Larabawa. Da wane ido zan koma?

A kan matakalar otal ɗin wata mata ta same ni ina kuka. Ƙatuwa ce, baƙa, da ledoji cike da hannuwanta biyu. Ta tsaya tana haki, ta dube ni.

"Ke kuma fa? Wa ya mutu?"

Jin Hausa kawai ya sa kukan ya ƙaru. Na gaya mata abin da ya faru, ta saurara ba ta ko yi mamaki ba.

"Ke ce ta huɗu da na gani bana," in ji ta. "Khalas, ya wuce. Tashi ki riƙe min ledar nan, hannuna zai tsinke."

Hajiya Larai ke nan, 'yar kasuwar Kwari, mai sarin abaya. Ta kai ni wani flat a Al Buteen inda mata shida suke kwana a gadaje masu hawa biyu, yawancinsu 'yan sari, wata ta tafi wata ta zo. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Ni kuma don kada in zauna hannu rabbana, sai na riƙa duba abayoyinta kafin a kai cargo, ina mayar da duwatsun da suka zube. Ɗinkin hannu wajen kakata na koya, mai ɗinkin hula ce. Wani tela Ba'indiye da Hajiya take ba wa aiki ya ga wata abaya da na gyara, ya juya ta ciki da baya ya rasa inda allura ta bi. Shi ya ce akwai wata Baturiya a Ras Al Khor da take neman mai irin wannan hannun, teloli uku sun gudu sun bar ta.

Ban tambayi abin da ya kore su ba.

Ras Al Khor ba Dubai ɗin da ake gani a hoto ba ce. Unguwar sito-sito ce da garejoji, ko'ina injin mota a ƙasa, ƙofofin mota jingine da bango, warin baƙin mai da ƙarar guduma. Bas ya ajiye ni na yi ta yawo da takardar kwatance har na kai wata ƙofar ƙarfe shuɗiya tsakanin masu sayar da tayu da masu walda. Wani dattijo ɗan Pakistan mai jan gemu yana zaune a bakin ƙofar, shi ne maigadi, Baba Gul. Ya buɗe mini, na sa ƙafa, sanyi ya buge ni kamar na shiga firji.

Da idona ya saba da duhun wurin, sai na ga mutane tsaye sahu-sahu suna kallona. Na yi sallama. Babu wanda ya amsa.

Gumaka ne, irin waɗanda ake sa wa kaya a shaguna, sai dai waɗannan tsofaffi ne, wasu na katako, wasu na tsumma, wasu da fuskar kakin zuma da ta soma tsattsagewa. An yi musu shiga irin ta Turawan da: mata da riguna masu faɗi kamar rumbu, maza da dogayen kwat da huluna masu tsawo. Sahu bakwai ne. Na can ƙarshe, jikin bango, duk baƙaƙen riguna ne, kowace da baƙin mayafi rufe da fuskarta.

"Waɗancan masu takaba ne," wata murya ta ce da Turanci a bayana. "Kada ki damu, ba su da surutu."

Madam Helen ke nan, Baturiyar, ta kusa shekara saba'in, siririya, da almakashi rataye a wuyanta. Sana'arta ba da hayar kayan wasan kwaikwayo ga makarantu da otal-otal da masu shirya fim. Yawancin kayan sababbi ne da aka ɗinka kamar na da, amma akwai na ainihi, waɗanda ta sayo lokacin da aka rufe wani tsohon gidan wasa a arewacin Ingila. An ɗinka su tun kafin Turawa su ci Kano, zamanin wata sarauniyarsu da ta yi sama da shekara sittin a kan karaga. Saboda su ne ba a kashe na'urar sanyi dare da rana. Ta ba ni wata rigar siliki da ta dare a hamata, ta tsaya a kaina har na gama. Ta duba, ta ce in zo gobe. Kafin bizata ta mutu ta yi mini ta aiki, ta kuma miƙo mini fasfona a hannu ta ce naki ne, ki ajiye abinki. Sai daga baya na san ba kowa ake yi wa haka ba.

Hajiya Larai da ta ji irin aikin sai ta tofar da yawu.

"Kayan matattu? Kafirai ma? Ke dai ki riƙa addu'a kafin ki sa hannu."

Ina yi kuwa. Domin tsohuwar riga ba ta mantawa da mai ita. Za ki ga inda gumi ya ci hamata, inda aka ƙara faɗin ƙugu aka sake ragewa, inda wuta ta lashi gefen ƙasa aka yi faci. A cikin wuyan wasu akwai sunaye da aka rubuta da zare, sun kusa gogewa.

A ofishin Madam akwai kantar littattafai. Da ta ji ni malamar Turanci ce sai ta ce in ɗauki duk wanda nake so. Kusan duk iri ɗaya ne: labaran ban tsoro da marubutan yanzu suke ƙagawa, amma suna mayar da su wancan zamanin na sarauniyar, a gidajen wasan kwaikwayo na Landan. Na karanta guda huɗu a cikin bas, tsakanin Deira da Ras Al Khor. Da farko dariya suka ba ni. Mutane sun ƙoshi, ba abin da ke damunsu, sai su zauna su ƙera wa kansu abin tsoro su saya. Hazo, fitilar gas mai lumshewa, labule ja, ƙofar ɓoye a ƙasan dandamali. Mu a wajenmu wanda ya mutu ya tafi ke nan, ba ya dawowa yawo a lungu. Aljani dai mun san da shi, muna kuma da abin da muke karanta masa.

Amma sannu a hankali na lura ba fatalwar ce ke hana ni ajiye littafin ba. A kowane ɗaya gidan wasan kashi biyu ne. Sama akwai haske da zinariya da masu tafi. Ƙasa kuwa, inda mai kallo bai taɓa leƙawa ba, akwai masu wanki da masu ɗinki da masu jan igiya, waɗanda suka baro ƙauyukansu suka zo birni. In ɗaya ta ɓace, kafin azahar an sa wata a gurbinta, wasa bai tsaya ba. Nan ne tsigar jikina take tashi, domin in na ɗaga kai daga littafin sai in ga bas cike da irinsu, kowa ya jingina kai da gilashi yana barci, dogayen benaye suna wucewa ta bayansa.

Abin da ya riƙa ba ni haushi shi ne marubutan sun fi son fatalwar da matar da ta zama fatalwar. Sai ta mutu sannan ake ba ta shafi. Na taɓa gaya wa Madam haka, ta yi dariya ta ce kakar kakarta mai ɗinki ce a irin wannan gidan, kuma ko hotonta babu.

Na biyar shi ne wanda bangonsa ya cire, ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta ba. Labarin wata mai wanki ne a ƙarƙashin dandamali. Kullum bayan wasa ana sauko mata da kaya ta wanke, sai ta lura akwai wata riga da take dawowa da ɗumi da danshin gumi, alhali ba a ba kowa ita ba. Ina tsakiyarsa korona ta shigo.

Madam ta tafi Ingila a watan Maris don aikin da za a yi wa 'yar'uwarta, jirage suka tsaya, ta maƙale a can. Hajiya Larai ita ma rufewar ta same ta a Kano. Aka hana fita. Mu uku muka rage a flat, muka yi azumi muka yi sallah ba idi, ba ziyara. 'Yata Nana ta turo mini hotonta da ɗinkin sallah, hannun rigar ya yi mata tsawo, na zauna ina kallon hannun nan ina kuka don minti biyar ya ishe ni in gyara shi. Littafin kuwa na tura shi ƙarƙashin katifa. Garin ya yi shirun da ba ya son ƙari.

A watan Yuni Madam ta bugo ta ce an sassauta, in riƙa zuwa ina duba kaya saboda asu, in kakkaɓe, in sake kafur. Ni kaɗai, don ta sallami sauran ma'aikata biyu da take da su.

Baba Gul ya tarye ni ba kamar yadda ya saba ba. Kafin ya buɗe ƙofa sai da ya buga ta sau uku da makulli, ya ce wai tsatsa ce. Ya tambaye ni ƙarfe nawa zan tashi, ya sake tambaya.

Ranar farko ban ga komai ba, sai dai kwanon wanke hannu na ɗan kicin ɗinmu a jiƙe yake. Na ce Baba Gul ne. Rana ta biyu na sami wani babban kwat na soja a ƙasa bayan akwatuna, an shimfiɗa shi, an naɗe wani a matsayin matashi. Na ɗauka zan rataye, sai na ji da ɗumi.

Na sake shi ya faɗi. Na tsaya ina sauraro. A lokacin zafi doka ta hana aiki a rana daga bayan sha biyu zuwa uku, don haka duk guduma da walda sun yi tsit, ba abin da ake ji sai gurnanin na'urar sanyi. Na ce wa kaina, Saudatu, littafi ne yake yi miki wasa da hankali. Na karanta Ayatul Kursiyyu na ci gaba da aiki, amma ban ƙara juya wa gumakan nan baya ba.

Na tambayi Baba Gul ko yana shiga ya kwanta a ciki. Ya ce a'a. Ya ce e, wani lokaci. Bai yarda mun haɗa ido ba.

Haka na yi mako guda. Kullum sai na ga wani abu da ba haka na bar shi ba. Na riƙa bin sahu-sahu da buroshi ina kakkaɓe ƙura, in na zo na bakwai sai in yi sauri, in share kafaɗu sama-sama in wuce. Sau ɗaya na ga kamar mayafin ɗaya yana shiga yana fita daidai wajen baki. Na ce iskar na'ura ce. Na so in gaya wa Madam ba zan iya ba, amma in na bar aikin bizata ta tafi, a lokacin da dubban mutane suke zaune ba aiki.

Ranar Laraba, wajen ƙarfe ɗaya na rana, ina zaune a teburina ina mayar da maɓallin wata riga. Takunkumina a fuska, kuma tun da na dawo ban yi magana da ƙarfi a wurin ba, da wa zan yi? Allura ta zame ta shige ƙarƙashin farcena.

"Wash! Wayyo Inna!"

Daga can ƙarshen sito, cikin masu takaba, wata murya ta ce, "Sannu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kujera ta faɗi. Bakina yana son ya yi addu'a ya rasa farkonta. Ina kallo ta uku daga hagu ta sunkuya, kafaɗunta suka soma girgiza, ta fashe da tari irin wanda aka daɗe ana dannewa. Hannu ya fito daga cikin baƙar rigar, baƙin hannu mai kaushi, ya ɗaga mayafin.

"Don Allah kar ki yi kuwwa," ta ce. "Mutum ce ni. Ban san ke Bahausa ce ba, da na daɗe da hitowa."

Sunanta Tsahara, mutuniyar Maraɗi, ta girme ni da kamar shekara goma. Ta rame har idanunta sun faɗa. Na zaunar da ita, na haɗa mata shayi, ta riƙe kofin da hannu biyu tana ba ni labari. Shekara biyu tana aikatau a wani gida. Fasfonta na wajen uwar gidan, wayarta ma haka. Da cutar ta zo aka daina barinta ko ƙofar gida, aiki tun asuba, abinci sai abin da ya rage. Ranar da ta fara tari aka kulle ta a ɗakin ajiya a kan rufin bene, kwana uku, ana turo mata ruwa da sanda. Rana ta huɗu ta sami ƙofa a buɗe ta sauko ta kama hanya, ba ta san gabas ba ba ta san yamma ba. Ta yi ta tafiya har ta faɗi a gindin tayun maƙwabtanmu. Baba Gul ne ya tsince ta.

"Ya ce in na ji ya buga ƙofa sau ukku in ɓoye. To ina zan ɓoye? Sai na ga waɗanga ba mai kallon huskarsu."

"Yaya, kwana nawa kike nan?"

"Tun kahin azumi."

"Duk ranakun nan da nake zuwa, kina tsaye?"

"Tun sahe har ki tahi. Kin share min kahaɗa sau biyu."

Na rufe fuskata da hannu. Awa shida, a tsaye, cikin rigar ulu, tana danne tari.

Baba Gul ya shigo ya gan mu, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Da guntun Turancinsa da guntun Larabci ya ce in rufa masa asiri, in aka ji za a kore shi, ƙila a ɗaure shi. Ya ce yana da 'ya mai aikatau a wata ƙasar, shekara uku bai ji muryarta ba. Daga abincinsa yake raba mata, gurasa da wake.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne kaina. Ɓoye wadda ta gudu daga gidan aiki laifi ne babba. In aka kama, ni ma sai an tasa ƙeyata, ga Nana da ƙaninta suna makaranta da abin da nake turawa. Ga tarin nan, wa ya san ko cutar ce? Na koma gida na kasa cin abinci. Na ce gobe ba zan je ba, in ce ban taɓa ganin komai ba. Da gari ya waye sai na tsinci kaina ina tuƙa tuwon semo da miyar kuka, ina zubawa a kula.

Ta ci tana hawaye. Ta ce rabonta da kuka tun Maraɗi.

Bayan kwana biyu na yi ta maza na kira Madam, na gaya mata komai. Tambayarta ta farko ita ce:

"Wace riga ta sa?"

Na gaya mata.

"Wannan ta fi shekara ɗari da talatin, kuma ƙaiƙayi gare ta. Ki ba ta na auduga a akwati na huɗu." Sannan ta ce, "Saudatu, ni ina Ingila, ban ji komai ba. Amma ki nemo mata hanyar gida, ba za ta tsufa a sitona ba."

Daga nan muka zama mu biyu a wurin. Tarin ya ragu da ta daina tsayawa cikin kafur. Tana taya ni kakkaɓa, ina koya mata faci. Wata rana ta ga littafin nan maras bango a jakata, don na ciro shi na ƙarasa, ta ce in gaya mata abin da ke ciki. Na ba ta labarin mai wanki da rigar da take dawowa da ɗumi, har ƙarshe, inda aka gano ruhin wata 'yar rawa ce da wutar fitila ta kama rigarta ta ƙone, masu gidan suka ɓoye zancen. Tsahara ta saurara tana gyaɗa kai.

"To mi ta samu da ta dawo?"

"An san gaskiya, Yaya."

"Uwatta ta ji?"

Na ce littafin bai faɗa ba.

"Ashe ba a gama shi ba," in ji ta, ta ci gaba da ninke kaya. Na karanta sharhin littattafai da yawa a kwaleji, ban taɓa jin wanda ya kai wannan ba.

Allah ya taimake mu, a lokacin an sanar da afuwa ga waɗanda takardunsu suka lalace, su fito su tafi gida ba tare da hukunci ba. Tsahara ta ce tarko ne. Sai da na kira Hajiya Larai a Kano ta haɗa ni da wani Alhaji ɗan Damagaram mai shagon cargo a Deira, ya yi mata magana da bakinsa a waya, sannan ta yarda. Ranar da za mu je ofishin jakadancin ƙasarsu, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa fita. Wata huɗu ba ta ga rana ba. Na kama hannunta na ja ta kamar makauniya. An sha zirga-zirga, an sha layi, amma aka ba ta takardar tafiya a madadin fasfo, 'yan ƙasarsu suka haɗa mata tikiti, aka yi mata gwaji aka ce ba ta da cutar.

Ranar tafiyarta, cikin watan Agusta, motar Alhajin ta zo da hantsi. Na ba ta abaya ɗaya daga cikin nawa. Ta durƙusa har ƙasa ta gode wa Baba Gul, shi kuma ya juya baya yana share ido da hannun rigarsa. Ta rungume ni ta yi mini addu'a, ta yi wa 'ya'yana, ta yi wa Madam da ba ta taɓa gani ba. Har ta sa ƙafa ɗaya a mota sai ta juyo.

"Malama, ɗayar fa? Ita ma ku yi mata ƙoƙari."

"Wace ɗayar?"

"Wadda ke tsayawa dama da ni. Ba ta magana, ina jin ba ta jin Hausa. Ranar da kika fara share min kahaɗa na kusa faɗuwa, ita ta riƙe min hannu." Ta dube ni da mamaki. "Na zaci kin sani. Tun da na daina tsayawa ban sake ganinta ba, na ce ko kunya take ji."

Direba ya ce yalla, mu tafi, za a makara. Ƙofa ta rufe, mota ta tashi.

Na juya wajen Baba Gul na fassara masa. Fuskarsa ta canza. Ya rantse da Allah mutum ɗaya ya shigar, kuma makulli bai taɓa barin aljihunsa ba. Ya ce yunwa da zazzaɓi suna sa mutum ya ga abin da babu. Na ce haka ne. Amma da na ce ya raka ni ciki, sai ya ce shi aikinsa bakin ƙofa ne.

Na shiga ni kaɗai. Na kunna duk fitilun. Na bi sahu na bakwai ina ɗaga mayafi ɗaya bayan ɗaya, ina taɓa kowane hannu. Katako, tsumma, kakin zuma. Ta dama da inda Tsahara take tsayawa ma ba ta da hannu ko ɗaya, hannun rigar ne kawai yake reto. Na duba bayan akwatuna, na duba banɗaki, na buɗe duk akwatin da mutum zai iya shiga. Sannan na tsaya a tsakiyar sito na ɗaga murya, da Hausa, da Turanci, da ɗan Larabcin da na tsinta. Na ce in akwai wata a nan ta fito, ba wanda zai kira 'yan sanda, an yi afuwa, za mu kai ta gida.

Na'urar sanyi kawai ke gurnani.

Tsahara ta isa lafiya. Ta kira ni daga Maraɗi da wayar ɗanta, ana ta guɗa a bayanta. Na sake tambayarta, ta ce ita dai abin da ta sani ke nan, hannun da ɗumi, kuma da zobe a ɗan yatsa.

Na ƙara wata tara a wurin kafin Madam ta sayar da sito na dawo Funtuwa a 2021. Ban gaya mata wannan ba. Abin da na riƙa yi shi ne, kullum kafin in tashi, sai in ajiye gurasa da robar ruwa a ƙarshen sahu na bakwai, in ce ga shi nan ko da akwai mai so. In aljan ne, ban cuce shi ba. In kuwa wata baiwar Allah ce da tsoronta ya fi na Tsahara, to kada a ce an bar ta da ƙishirwa a inda nake.

Gurasar ba a taɓa taɓa ta ba. Da safe nake ɗaukarta a bushe in ba tantabarun bakin gareji. Ruwan ne dai nake samu ya ragu, wata rana kaɗan, wata rana har rabi. Baba Gul ya ce na'urar sanyi ce take shanye shi, haka take yi wa duk abin da aka bari a buɗe.

 Ni nake ɗaure murfin robar da hannuna, kuma a ɗaure nake samunsa.